GOƊIYAR DA TA SHIGA SUKUWA 25 TA CI 25

A ƙasar Ostareliya an yi wata goɗiya, sunanta Black Caviar, wadda aka shigar da ita sukuwa sau 25 tsakanin shekarar 2009 da 2013, ta kuwa ci duka 25 ɗin. Ba doki ba goɗiya da ya taɓa riga ta kai gaci. Kuɗin da ta ciwo wa masu ita sun kai dalar Ostareliya 7,953,936, alhali kuwa dala 210,000 aka saye ta. Akawun da ya ɗauki alƙalami zai ga ta mayar da kuɗin sayenta kusan sau 38. Amma ba lissafin kuɗin kaɗai ya sa labarinta ya shigo filin manoma ba. Akwai maganar iri, da maganar jiyyar dabba, da kuma ciwon da ya kashe ta, wanda shi ke kama dokin sarki ya kuma kama na talaka.

ASALINTA

Irin dawakin nan shi Turawa ke kira Thoroughbred, watau dokin da a ke iya bin salsalarsa a rubuce, uwa da uba, har kaka da kakanni. A Ingila aka ƙago irin, wajen shekara 300 da suka wuce, da aka riƙa haɗa goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka kawo daga gabas. Uku daga cikin ingarmun nan su suka zama tushe: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, da Godolphin Arabian wanda ya biyo ta Tunis da Faransa kafin ya isa Ingila. Tun 1791 a ke rubuta sunayen zuriyarsu cikin wani babban littafi. Dokin da ba a rubuta iyayensa ba, kome gudunsa, ba a lasafta shi cikin irin.

Su ma dawakin nan kowane da aikinsa. Akwai masu dogon numfashi, masu gudun mil biyu ko fiye, akwai kuma na gajeren zango, waɗanda a ke sa su mita 1,000 ko 1,200. Mita ta ɗan ɗara yadi, mita 1,200 kuwa kashi uku ne cikin huɗu na mil. Black Caviar ta gajeren zango ce. A irin wannan tsere ba a jira, ba a yi wa doki tanadin ƙarfi. Minti guda ne da 'yan sakan, wanda ya yi tuntuɓe a farko yawanci ya sha ƙura ke nan.

An haife ta ran 18 ga Agusta, 2006, a wata gona mai suna Gilgai kusa da garin Nagambie, cikin jihar Biktoriya. Mai gonar, Rick Jamieson, shi ya haɗa iyayenta. Ubanta Bel Esprit ya yi suna a gajeren gudu. Uwarta kuwa, Helsinge, ba ta taɓa shiga sukuwa ba ko sau ɗaya, Black Caviar ce ma 'yar farinta. Abin da aka duba ga uwar shi ne gidan da ta fito, gama uwarta ita ma, Scandinavia, gwanar gudu ce. A can ba a raina goɗiya domin ba ta yi gudu da ƙafarta ba, sai an bincika abin da dangi suka yi.

Ranar haihuwar ma da dalilinta. A Ostareliya ran 1 ga Agusta a ke ƙara wa kowane dokin sukuwa shekara guda, ko da yaushe aka haife shi. Saboda haka masu kiwo su kan auna lokacin barbara, tun da cikin goɗiya wata 11 ne, domin haihuwa ta faɗo bayan ranar nan kaɗan. Duƙushin da aka yi wa uwarsa barbara tun kafin lokacin da aka ƙayyade har aka haife shi cikin Yuli, kafin ya yi wata guda a duniya an rubuta shi ɗan shekara ɗaya, ya shiga sahun waɗanda suka girme shi nesa.

A 2008 aka kai ta gwanjon duƙusai a birnin Melbon, tana da wajen shekara guda da rabi. Wanda ya taya har aka sallama masa shi ne Peter Moody, mai horon dawaki, mutumin ƙauye ne daga can yammacin jihar Kwinsland. Sa'an nan waɗansu abokan juna suka yi karo-karo suka karɓe ta, suka bar ta a bargarsa a Caulfield. Ɗaya daga cikinsu, Pam Hawkes, mai noman dankalin Turawa ce, ita ta raɗa mata suna. Ma'anar sunan baƙin ƙwan kifi, wani abinci mai tsada na Turawa. Shi ya sa rigar mahayinta ta ke jaja-jaja da baƙaƙen ɗige-ɗige. Amma 'yan barga ba su kiranta da wannan dogon suna, Nelly su ke ce mata.

Da ta gama girma tsayinta ƙafa 5 ne da inci 6 a kafaɗa, nauyinta wajen kilo 570, watau kusan buhu shida na dawa mai kilo ɗari ɗari. Launinta tsakanin bikili da akawal. Ƙirjinta da cinyoyinta sun fi na ingarmu da yawa cika. Wannan girma shi ne arzikinta, shi ne kuma ya yi ta ba ta wahala, domin ƙafar dokin irin nan siririya ce, ba a ƙara mata kauri don jiki ya yi nauyi.

FARKON GUDU DA RAUNUKA

Ran 18 ga Afrilu, 2009, ta fara fita, a filin Flemington, mita 1,000. Wani yaro ɗan koyo, Jarrad Noske, mai shekara 16, shi ya hau. Ta bar na bayanta da tsawon doki biyar. Cikin Mayu ta sake ci a Caulfield da tsawon doki shida. Daga nan aka ba Luke Nolen linzaminta, shi ya hau ta sau 22 cikin 25.

Gudu na huɗu, cikin Satumba 2009, shi ya fara nuna halinta. Da aka buɗe ƙofofin tashi sai ta zabura da ƙarfin da ya wuce kima, ta yi tuntuɓe, ta yaga naman ƙirji. Duk da haka ta miƙe ta ci, ko da ya ke ratar ba ta kai tsawon doki guda ba. Aka ajiye ta har Janairu 2010. Ta dawo ta ci sau ɗaya, sai kuma jijiyar ƙafarta ta gaba ta sami rauni. Aka sake ajiye ta har Oktoba.

Nan ne masu ita suka nuna hankali. Goɗiya ga ta da gudu, ga manyan kyaututtuka suna wucewa wata bayan wata, kowa kuwa ya san kuɗin barga da na likita ba su jira. Waɗansu da sun ɗaure ƙafar sun mayar da ita fili bayan mako shida, a ci abin da aka ci. Moody bai yi haka ba. Ya bar ta wajen wata tara ba sukuwa. Har ƙarshen zamaninta kuma bai cika yi mata dogon gudun gwaji a kan ƙasa mai tauri ba, ya fi sa ta iyo da tafiya cikin ruwa, har bakin teku a kan kai ta, domin jiki ya yi aiki ƙafa ta huta. Cikin shekara huɗu gudu 25 kaɗai ta yi, watau kamar shida a shekara. Sauran kwanakin duk hutu ne da kiwo da jiyya.

SHEKARUN GANIYA

Daga Oktoba 2010 zuwa Mayu 2011 ta fita sau takwas. Cikin Nuwamba ta ci tserenta na farko a babban aji, wanda a ke kira aji na ɗaya, a Flemington, da tsawon doki huɗu. Ran nan Ben Melham ya hau, domin an dakatar da Nolen na ɗan lokaci.

Cikin Maris 2011 aka sa ta Newmarket Handicap, mita 1,200. Wannan tsere ne na daidaita nauyi. Akwai ma'aikacin da ke duba abin da kowane doki ya yi a baya, ya yanka masa nauyin da zai ɗauka, gwani a ɗora masa da yawa, na baya a sassauta masa, domin kowa ya sami rabo. In mahayi da sirdinsa ba su cika nauyin ba sai a cika da dalma a aljihun shimfiɗar sirdi. Black Caviar aka ɗora wa kilo 58, fiye da kowane ingarma a filin. Ta ci da tsawon doki uku cikin minti 1 da sakan 7.36, Nolen kuwa tun kafin gaci ya daina kora.

Babban abokin gāsarta wani dandaƙaƙƙen doki ne, Hay List, ƙato ne shi ma, wanda a wani zamani dabam da shi za a riƙa yi wa kirari. Cikin Afrilu 2011 suka haɗu a filin Randwick na birnin Sidni. A Melbon dawaki hagu su ke kewayawa, a Sidni kuwa dama, wannan shi ne karonta na farko a hannun da ba ta saba ba. Da aka karyo kwana ta ƙarshe Hay List ya ba ta rata mai yawa, har jama'a suka ɗauka yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Nolen ya girgiza linzami, ta buɗe ƙafa, ta cim masa, ta wuce da kusan tsawon doki uku. Sau huɗu Hay List yana zuwa na biyu a bayanta. Shekarar da ba ta shiga Newmarket ba, 2012, shi ya ci, da kilo 58 da rabi a bayansa. Daga nan a ke gane irin dokin da ta ke tserewa.

Cikin Fabrairu 2012 aka gwada ta mita 1,400, zango mafi tsawo da ta taɓa yi, ta ci. Bayan kwana bakwai aka komo da ita mita 1,000, nan ma ta ci. Masu horo sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama dokin da aka koya wa tanadin numfashi a wannan mako ba shi da saurin zabura a mako mai zuwa. Cikin Afrilu ta ci na 20 a Adiled, ta wuce Desert Gold da Gloaming, dawakin da suka ci 19 a jere wajen shekara 90 kafin ita.

Lokacin nan filin da duk aka ce za ta fita sai ya cika, har da mutanen da ba su san gaban doki da bayansa ba. Masu dawaki da yawa kuma suka riƙa janye nasu, su nemi wani tseren, har wata rana dawaki kaɗan ƙwarai ke tsayawa tare da ita.

TAFIYA INGILA

Masu ƙorafi ba su ƙarewa. Aka ce ai a gida ta ke cin nasara, in ta isa ta je Ingila. Cikin Yuni 2012 aka sa ta a jirgin sama, tafiyar wajen awa 30, an sa mata wata matsattsiyar riga mai rufe jiki domin jini ya riƙa gudana sosai a tsayuwar nan mai tsawo. Ta bar gida cikin hunturu ta sauka cikin bazara, gama lokutan shekara na ƙasashen biyu a juye su ke.

Ran 23 ga Yuni aka yi tseren, Diamond Jubilee Stakes, a filin Askot, gaban Sarauniya Elizabeth da mutum fiye da 70,000. A Melbon tsakar dare ne, ga sanyi, duk da haka dubban mutane suka taru a dandalin birni suna kallo a majigi. 'Yan caca ma, waɗanda ba abin koyi ba ne, sun sakankance har wanda ya zuba fam 6 fam 1 kaɗai zai samu in ta ci.

Filin Askot miƙaƙƙe ne, amma ƙarshensa hawa ne. Ta shiga gaba kamar yadda ta saba, sai dai ba ta yi nisan da ta saba yi ba. Saura taki kaɗan a kai gaci Nolen ya sassauta hannu, yana tsammani an gama. Ita kuwa da ta ji an sake ta sai ta rage gudu. Ashe waɗansu goɗiyoyi biyu na Faransa, Moonlight Cloud da Restiadargent, suna tafe a guje. Ya farga, ya sake kora, suka ƙetare gaci kusan tare. Sai da aka duba hoto aka ga Black Caviar ta riga Moonlight Cloud da tsawon kai ɗaya tak. Nolen bai ɓoye ba, a gaban 'yan jarida ya ce kuskurensa ne. Sarauniya ta zo da kanta ta shafa goɗiyar.

Waɗansu jaridun Ingila suka ce ashe abin bai kai yadda a ke faɗi ba. Amma da likitoci suka duba ta bayan tseren sai aka tarar ta yaga nama a cinyar baya. Da rauni ta yi gudun nan, a ƙasar da ba ta sani ba, bayan tafiyar rabin duniya. Masu lura da dawaki da yawa suna ganin wannan rana da ta fi kowace ƙanƙantar rata ita ce ta fi nuna ko wace ce ita.

KOMOWA DA AJIYE SIRDI

Aka zaci ta gama. Aka ba ta hutun kusan wata takwas. Ran 16 ga Fabrairu, 2013, ta komo Flemington, a tseren Lightning wanda aka riga aka sa wa sunanta, ta yi mita 1,000 cikin sakan 55.42. Tun 1988 ba wanda ya yi gudun da ya kai na wata goɗiya mai suna Special a filin, sai ran nan aka karya shi. In aka auna, gudun ya kai wajen mil 40 a awa, daga tsaye kuwa aka tashi.

Ta ci a Moonee Valley cikin Maris, ta ci a Randwick ran 13 ga Afrilu. Wannan shi ne na 25, kuma na 15 a aji na ɗaya, ta wuce Kingston Town mai 14. Bayan kwana huɗu Moody da masu ita suka ce ta ajiye sirdi. Lafiyarta ƙalau, da an so da an ƙara, amma suka ga ba abin da ya saura ta nuna. Shekara huɗu a jere, 2010 zuwa 2013, masu auna dawakin duniya suna sa ta gaba da kowane dokin gajeren zango. Gidan waya na Ostareliya ya buga kan sarki da hotonta, mutanen Nagambie kuma suka kafa siffarta ta tagulla a garin cikin Oktoba 2013. Daga baya wata goɗiya, Winx, ta ci 33 a jere, amma ita an taɓa tsere mata a farkon zamaninta.

KIWO DA CIWON KOFATO

Sai aka mayar da ita gona domin haihuwa. Dokar irin nan ta hana ɗura wa goɗiya maniyyi da hannu, dole sai ingarma ya hau ta, saboda haka kowace shekara a kan kai ta wurin wanda aka zaɓa. Ta haihu sau tara tsakanin 2014 da 2024. 'Yar farinta, Oscietra, ta shiga sukuwa biyar ta ci biyu. Waɗansu daga cikin ƙannen sun ci nan da can, amma ba ɗaya da ya kusanci uwar, ko da ya ke da ingarmu mafi tsada na ƙasar aka haɗa ta.

Dillalai ma sun ga darasi a danginta. Saboda sunanta farashin 'ya'yan Helsinge ya hau. All Too Hard, ɗan'uwanta ta wajen uwa, an saye shi fiye da dala miliyan ɗaya, ya kuwa fid da masu shi kunya. Wani ƙanen kuma, wanda a ke kira Jimmy, dala miliyan 5 aka saye shi a gwanjon 2013. Gizo-gizo ya cije shi, maganin da aka ba shi bai karɓe shi ba, ciwon kofato ya biyo baya, ya mutu ƙarshen shekarar bai taɓa shiga fili ba. Hay List ma ciwon kofaton nan ya kashe shi a 2015.

Ciwon, wanda likitocin dabbobi ke kira laminitis, ga yadda ya ke. A cikin kofato akwai ƙashi, tsakanin ƙashin da ɓawon kofato kuma akwai waɗansu siraran ganyayyakin nama masu jini, a sarƙe da juna, su ke riƙe da dukan nauyin doki. In suka kumbura sai su saki, ƙashin ya juya ko ya nutse ƙasa, wani lokaci har ya huda tafin kofato. Abubuwan da su kan jawo shi sanannu ne: doki ya kwance ya afka wa buhun dawa ko masara ya ci ya yi nak, ko a cika masa hatsi ba aikin da ya ke yi har ya yi ƙiba, ko ɗanyar ciyawa mai yawa bayan ya daɗe a kan busasshiya, ko ya jima yana dogara ga ƙafa ɗaya domin ɗayar na ciwo, ko kuma dafin wata cuta ya shiga jini. Goɗiyar da ta haihu mabiyiya ba ta faɗo ba har awa uku tana cikin hatsarin wannan, ba a kwana ba a nemo likita ba.

Alamarsa, kofato ya yi zafi, jijiyar da ke bayan dunduniya ta riƙa bugawa da ƙarfi, doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, in an ja shi ya ƙi tafiya. Abin da a kan yi kafin malamin dabbobi ya iso shi ne a janye hatsi gaba ɗaya, a bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa, a tsai da ƙafafun cikin ruwa mai sanyi ƙwarai, a ɗaure shi a kan yashi mai laushi, kada kuma a tilasta masa tafiya da nufin wai jini ya sake.

Cikin Agusta 2024 Black Caviar tana da tsohon ciki sai ciwon hantsa ya kama ta. Aka yi mata magani irin wanda a kan yi wa kowace goɗiya, amma cutar ta sauka ƙafafu. An kai ta asibitin dawaki a garin Scone, ta haifi duƙushi namiji, ɗan ingarman nan Snitzel. Da aka ɗauki hoton kofatan aka ga jini ya daina kai musu, sai likitoci da masu ita suka yanke shawarar a hutar da ita. Ran 17 ga Agusta ke nan, saura kwana ɗaya ta cika shekara 18. Masu kare haƙƙin dabbobi suka yi ta magana, suna cewa haihuwa tara cikin shekara goma sha ɗaya ta yi yawa ga goɗiyar da ta riga ta biya bashinta, masu kiwo kuwa suka ce haihuwa kusan kowace shekara ita ce al'adar goɗiya mai lafiya. Duƙushin da ta bari aka yi ta jiyyarsa dare da rana, amma bayan 'yan kwanaki kaɗan shi ma ya mutu.